Yamai: Mabiya Katolika da ke cewa Allah zai kawo, suna kuma rabar da ɗan abin da ke hannunsu

Duk safiyar Lahadi, tun kafin rana ta yi zafi, babura da motocin tasi kan cika ƙofar babbar majami'ar Katolika ta Notre-Dame du Perpétuel Secours da ke tsakiyar birnin Yamai. Masu shiga sun haɗa da Gurmawa daga yankin Makalondi, da Zabarmawa, da Hausawa, da kuma baƙi 'yan Benin, Togo, Burkina Faso da Najeriya da neman abinci ya kawo su. A tsakiyar ibada akan zagaya da kwando. Wani ya jefa dala ashirin, wani dala ɗari, wanda ya samu sarari ya sa jika guda. A ranakun manyan bukukuwa kuwa, mata kan jero da kaya a ka har gaban limami: shinkafa, mai, sabulu, wani lokaci har da kaza.

Mafi yawan masu bayarwar nan ba masu hali ba ne. Akwai masu gadi, da makanikai, da masu gyaran gashi, da malaman makaranta da albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Me zai sa mutumin da bai san abin da zai ɗora a tukunya ranar Laraba ba ya ba da nasa ranar Lahadi?

Amsar tana cikin wata koyarwa da cocin ke yawan maimaitawa, cewa Allah mai yalwa ne, taskarsa ba ta ƙarewa, kuma wanda ya yarda da haka ba ya damƙe hannu. Limamai kan kafa hujja da labarai daga Littafi Mai Tsarki. Akwai na gurasa 5 da kifi 2 da wani yaro ya miƙa, aka ciyar da mutum 5,000 har aka kwashe ragowa kwando 12. Akwai na wata gwauruwa a lokacin fari, wadda ta toya wa annabi Iliya waina da ɗan garin da ya rage mata, amma gari da mai ba su ƙare a gidanta ba. Akwai kuma na abincin da ke sauka wa Bani Isra'ila a hamada kowace safiya, wanda in mutum ya yi zari ya ɓoye na gobe sai ya wayi gari ya tarar ya yi tsutsa. A biyun farko, sai da wani ya saki ɗan abin da yake riƙe da shi kafin yalwar ta zo.

Musulmin da ya saurari irin wannan wa'azi ba zai ji shi baƙo ba. Tawakkali ne da sadaka, da wasu sunaye. Bambancin shi ne masu wannan magana a Nijar 'yan ƙalilan ne, domin Kiristoci gaba ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, Katolika kuma wani ɓangare ne kawai a cikinsu. Sun kuma sha gwaji irin wanda ke sa mutum ya rufe ƙofa ya ce kowa ya yi ta kansa.

Babban gwajin ya zo a watan Janairun 2015. Bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi Muhammad (SAW), tarzoma ta ɓarke a Damagaram ranar Juma'a 16 ga wata, washegari ta iso Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu, 'yan sanda kuma suka ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai, na Katolika da na sauran ɗariku. Cikin na Katolika da wutar ta shafa akwai Saint Paul ta Harobanda da Saint Gabriel ta Garbado. Babbar majami'ar ta tsira ne saboda jami'an tsaro sun kewaye ta. Ranar Lahadin da ta biyo baya ba a yi taron ibada ba, gwamnati kuma ta ayyana zaman makoki na kwana 3.

Kiristocin Yamai ba su da hannu a abin da aka buga a Faris, kuma akwai Musulmi da dama da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin gidajensu a waɗannan kwanaki. Shugabannin cocin, ƙarƙashin Akbishop Michel Cartatéguy da ke shirin sauka a lokacin, sun fito sun yi maganar yafiya. Bayan 'yan watanni, a Yunin 2015, aka ɗora Laurent Lompo, ɗan yankin Makalondi, a kan kujerar. Shi ne ɗan Nijar na farko da ya riƙe ta, shekaru sama da 80 bayan kafa mishan na farko a Yamai a 1931. Ya karɓi ragamar ne a lokacin da wasu majami'un nasa ba su da rufi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da bai canza ba. Makarantun cocin, irin su Mariama da Issa Béri da makarantun Mission, sun ci gaba da karɓar ɗalibai, kuma mafi yawansu 'ya'yan Musulmi ne. Ƙungiyar agaji ta cocin, CADEV, reshen Caritas a Nijar, ta ci gaba da aikinta na cimaka, rijiyoyi da kula da yara masu tamowa a garuruwan da babu ko Kirista ɗaya. Duk wanda ya girma a Yamai ya san wani likita ko babban ma'aikaci da ya yi karatu a wajen "masu mishan" kuma bai bar sallarsa ba.

Gwaji na biyu ya fi daɗewa, har yanzu ma bai ƙare ba. A daren 17 ga Satumban 2018, 'yan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan ƙasar Italiya, daga gidansa a ƙauyen Bomoanga kusa da iyakar Burkina Faso. Sai a watan Oktoban 2020 aka sako shi a Mali, tare da ɗan siyasar ƙasar Soumaïla Cissé. Daga baya ya bayyana cewa ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Yankin da aka ɗauke shi, tsakanin Torodi da Makalondi, shi ne cibiyar Katolika 'yan asalin ƙasa, kuma matsalar tsaro ta kori mutanen ƙauyuka da yawa daga gonakinsu. Manoman da a da suke kawo damin hatsi majami'a bayan girbi, yau wasunsu suna raɓe a gidajen dangi a Makalondi da Yamai, su ne ake kai wa mudun gero.

A kan wannan sai ga ambaliyar 2020, lokacin da kogin Isa ya ɓalle ya shiga Saga, Lamorde da Kirkisoye. Sai kuma takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, farashin shinkafa ya yi tashin gwauron zabi, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage shi. Tsadar ba ta tambayi addinin kowa ba.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya ɗaya. Kwandon Lahadi ba shi ne ke gina makarantu da haƙa rijiyoyi ba. Babban kaso na kuɗin ayyukan cocin daga waje yake zuwa, daga ƙungiyoyin Caritas na Turai da kuma Catholic Relief Services ta Amurka. A farkon 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da mafi yawan tallafin USAID, kuma a lokacin Catholic Relief Services na cikin manyan masu karɓar wannan kuɗi a duniya. Saboda haka maganar dogaro ga Allah ta tashi daga wa'azi ta zama lissafi. Cocin da mabiyansa talakawa ne zai iya riƙe abin da ya gina in hannun waje ya ja baya? Ba a Yamai kaɗai ake wannan tambaya ba, amma a nan ta fi zafi saboda ƙarancin mabiya.

Ga matasa da 'yan ci-rani da ke karanta wannan daga Agadas, Tamanrasset, Legas ko Brussels, akwai wani ɓangare da ya shafe su kai tsaye. Cocin Yamai na da sashe na musamman mai kula da baƙin haure, wanda Fada Mauro Armanino, wani ɗan Italiya, ya shafe shekaru sama da 10 yana aiki a cikinsa. Masu zuwa wurin galibi waɗanda aka koro ne daga Aljeriya ko Libiya, 'yan Laberiya, Kamaru, Gini da Saliyo, ba kuɗi ba takarda, wasu ma kunyar komawa gida hannu biyu ce ta tsayar da su a Yamai. Abin da ake iya yi musu bai taka kara ya karya ba: abinci, kuɗin magani, wani lokaci taimakon komawa gida, da kuma wanda zai zauna ya saurare su.

Wannan ya sha bamban da wa'azin da ya cika TikTok da Facebook, inda ake cewa ka ba da jika goma ka samu miliyan, ko a yi maka addu'ar biza. A koyarwar Katolika babu wannan ciniki. Ba a yi wa mai bayarwa alkawarin mota ko gida, kuma ba a ɗaukar talaucin mutum a matsayin alamar raunin imaninsa. Ni dai a ganina wannan ya fi kusa da gaskiyar rayuwar Yamai, inda mutanen kirki da yawa ke kwana da yunwa. Haɗarin da ke tattare da kalmar "Allah zai kawo", a majami'a ko a masallaci, shi ne ta zama bargon da ake lulluɓe gazawar magabata da shi, a bar talaka da haƙuri alhali akwai wanda ya kamata a tambaya ina hatsin rumbun gwamnati ya shiga. Limaman da suka san aikinsu kan haɗa maganar da aiki da kuma neman adalci.

Idan azumin kwana 40 na kafin Ista ya zo, akan buƙaci kowane gida ya ware kuɗin abincin da ya rage ci, a tara domin mabuƙata. A 'yan shekarun nan ba a wahalar neman inda za a kai shi, domin mutanen yankin Makalondi da suka baro gonakinsu suna zaune a kan benci ɗaya da masu bayarwar. Sukan jefa nasu dala ashirin ɗin idan kwandon ya iso gabansu.