Allo, Tawada da Zayyana

Sau da yawa in an ga yaro yana zane a bayan littafi sai a kai masa ranƙwashi, wai ɓarnar takarda yake. To, mu dubi allonmu tukuna.

A makarantun allo na Kaikai, kamar sauran ƙasar Katsina, hannu da baki tare suke karatu. Yaro zai feƙe alƙalami, ya haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ya yi ta gyara wasali har hannunsa ya faɗa. Ran sauka kuwa sai a kai allo wurin mai zayyana, ya ƙawata shi da ja da kore da rawaya, ba hoton mutum, ba na dabba. A kan allo kuma malam ke yi wa majinyaci rubutun sha, kodayake malamai sun saɓa a kansa, kuma ba ya hana zuwa asibitin Kankiya.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1971, a ƙauyen Papunya na Ostareliya, wani malami, Geoffrey Bardon, ya sa yaran 'yan asalin ƙasar su zana alamomin kakanninsu. Dattawa suka karɓe aikin, suka zane bangon makarantar. A 2000 masu zanen yankin suka sayar da zanensu fiye da dala miliyan 1 ta ƙasar, aka kai injin wankin ƙoda ƙauyen Kintore, masu ciwon suka fara komawa gida.