Malamin Firamare Tsakanin Gwamna da Ciyaman

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba sai ya biya ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da makullinsa ba. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36. Jama'a sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ita kam ta daɗe tana cewa a ba ƙananan hukumomi 'yancinsu, amma kada a haɗa musu da albashin malaman firamare.

Dalilin wannan ɗari-ɗarin yana cikin yadda aka ɗinka tsarin. Ɗauki kowace firamaren gwamnati a Mahuta, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi a jihar Katsina. Albashin malaminta daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, domin tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin firamare. Amma ɗaukar malamin aiki da ƙarin girmansa suna hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, a Katsina. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yana tsakiya, yana duba makarantu yana aika rahoto sama. Kuɗin gina azuzuwa da sayen kujeru kuwa daga Abuja suke tasowa: dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma jiha ba ta taɓa kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. In iskar bazara ta yaye rufin aji, hedimasta zai iya shekara yana zarya, kowane ofis yana nuna masa na gaba.

An taɓa gwada miƙa wa ƙananan hukumomi komai. Bayan shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa da yara har kuɗi suka kasa, gwamnatin Babangida ta kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1988. A 1991 sai ta rushe ta, ta ce kowane ciyaman ya ji da makarantunsa. Malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya bi yajin aiki, waɗansu suka bar alli suka koma gona da kasuwa. A 1993 tilas aka maido da hukumar, aka koma cire albashin tun daga tushe. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. In kuma wani ya ce wannan tsohon labari ne, to ga sabo: a 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki, saboda ƙananan hukumomin birnin tarayya ba su biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba.

Duk da haka ban ga hujjar komawa ga asusun haɗin gwiwa ba. Shi ma ai a ƙarƙashinsa ne azuzuwa suka cika maƙil, yara na zaune a ƙasa, malami ɗaya yana riƙe da aji biyu ko uku. Abin da ya fi kamata Majalisar Dokokin Katsina ta yi, tun da har yanzu aiwatar da hukuncin yana jan ƙafa, shi ne doka ƙarara: albashin malami shi ne abin farko da za a fitar daga kason kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 34, a tura shi banki kafin ciyaman ya sa hannu a kan ko da kwalbati ɗaya. A daidai lokacin kuma a sakar wa ƙaramar hukuma da kwamitin iyaye na makaranta ikon da za su iya tuhumar malamin da ba a ganinsa sai ƙarshen wata. Wanda ke biya ya kamata a ce yana da bakin magana.

Akwai wani sashe na dokar 2004 da ba a cika tunawa da shi ba. Ta wajabta karatun shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, ta kuma tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari a karo na biyu, sannan naira 5,000 ko wata biyu. Yau wannan tara ba ta da wani nauyi. A ƙasar noma irin kudancin Katsina, zangon farko na karatu yana faɗowa ne daidai lokacin karyar masara, yankan dawa da tsinkar auduga, lokacin da manomi ke neman kowane hannu a gida. Babu alƙalin da zai ɗaure rabin gari. Uban da ya ga malami yana zuwa kullum, ya ga ɗansa ɗan aji uku yana karanta masa saƙon waya, zai fi sauƙin haƙura da aikin yaron har a tashi makaranta. Dokar kuwa ta faɗi abin da za a yi wa uban da ya saɓa, amma ba ta ce komai a kan hukumar da ta riƙe albashin malami wata uku ba.