Cinikin Russell Wilson: Yadda Denver ta sayi madugu ya bar mata giɓin dala miliyan 85

A watan Maris na 2024 ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Denver Broncos ta sallami ɗan wasanta Russell Wilson, shekaru biyu kacal bayan ta ɗauko shi daga Seattle Seahawks a wani ciniki da aka ce yana cikin mafiya girma a tarihin gasar NFL.

Sallamar ta bar wa ƙungiyar giɓin dala miliyan 85 a kasafin albashinta, adadin da babu wata ƙungiya da ta taɓa ɗauka a kan ɗan wasa guda kafin wannan lokaci.

Tun daga nan masu sharhi ke kawo cinikin a matsayin misalin yadda ake faɗawa rami. To sai dai a ranar da aka ƙulla shi, mafi yawansu yabawa suka yi, kuma dalilan da suka bayar ba na wofi ba ne.

Wane ne madugu?

Ƙwallon ƙafar Amurka dai ta sha bamban da wadda aka saba gani a Afirka da Turai. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukar ta ko a jefa, kuma kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a fili. Ɓangaren da ke kai hari yana da dama huɗu ya ciyar da ƙwallon gaba yadi goma, in ya kasa ta koma hannun abokan hamayya.

Kusan kowane hari ta hannun mutum ɗaya yake bi, wanda Amurkawa ke kira kwatabak. Shi ne madugun ayari. Shi ke karɓar umurnin koci ya isar ga sauran, shi ke nazarin yadda masu tsaron baya suka jeru, sannan cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya yanke shawarar wanda zai jefa wa ƙwallo, yayin da ƙarti masu nauyin kilo fiye da 130 ke ƙoƙarin kai shi ƙasa.

A ƙwallon da muka sani, ƙungiya kan iya rasa gwarzonta ta ci gaba da cin wasa. A NFL da wuya hakan ta faru idan madugun ne aka rasa.

Gasar na da ƙungiyoyi 32, kowace na buga wasanni 17 daga Satumba zuwa farkon Janairu, kafin a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale da ke ƙarewa da wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairu. Daga nan sai hutu, kuma a lokacin hutun ne ake yanke shawarwarin da ke gina ƙungiya ko su rusa ta. A tsakiyar Maris ake buɗe kasuwar 'yan wasa, a ƙarshen Afrilu kuma ƙungiyoyi su zaɓi matasa daga jami'o'i a zagaye bakwai, inda wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ke fara zaɓe.

Ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya kamar yadda ake yi a Ingila ko Sifen. Musaya ake yi, ko da wasu 'yan wasa, ko da guraben zaɓen matasa na shekaru masu zuwa.

Abin da ya ja hankalin Denver

Denver ta taɓa yin irin wannan kasada ta ci riba. A 2012 ta ɗauki Peyton Manning yana dab da cika shekara 36, bayan ya shafe kakar 2011 baki ɗaya yana jinyar tiyatar wuya. Ya kai ta wasan ƙarshe sau biyu. Na farko, a Fabrairun 2014, Seattle ta lallasa ta da ci 43 da 8, kuma matashin da ya jagoranci Seattle a ranar shi ne Russell Wilson. Na biyu, a Fabrairun 2016, Denver ta doke Carolina da ci 24 da 10, Manning ya yi ritaya.

Bayan tafiyarsa ƙungiyar ta gwada madugai kimanin goma cikin kaka shida, ciki har da Paxton Lynch da Case Keenum da Joe Flacco da Teddy Bridgewater, ba tare da ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale ko sau ɗaya ba. Ga shi kuma tana rukuni ɗaya da Kansas City, mai Patrick Mahomes.

A daidai lokacin ne wasu ƙungiyoyi biyu suka nuna cewa akwai gajeriyar hanya. Tampa Bay ta ɗauki Tom Brady a 2020 ta ci kofi a kakar farko. Los Angeles Rams ta ba da guraben zagayen farko guda biyu ta karɓo Matthew Stafford a 2021, ita ma ta ci kofi a kakar farko.

Babban manajan Denver, George Paton, yana ganin yana da masu tsaron baya nagari da matasan masu cafe ƙwallo, madugu ne kawai babu. Wilson kuwa yana da shekara 33, ya taɓa cin kofi, an zaɓe shi cikin gwarazan gasar sau tara, kuma sai a shekararsa ta goma a Seattle ne rauni ya fara hana shi buga wasa.

Ranar 8 ga Maris na 2022 aka cimma yarjejeniya. Denver ta ba da guraben zagayen farko biyu, na zagaye na biyu guda biyu, na zagaye na biyar guda ɗaya, da 'yan wasa uku, wato Drew Lock da Noah Fant da Shelby Harris. Ta karɓi Wilson da gurbin zagaye na huɗu.

Shawara biyu ce, ba ɗaya ba

A nan ne ya kamata mai son yin adalci ya raba al'amarin gida biyu, domin musayar daban take da kwantiragin da ya biyo bayanta.

Lokacin da Wilson ya iso, da sauran shekaru biyu a tsohon kwantiraginsa. Babu abin da ya tilasta wa Denver gaggawa. Amma a farkon Satumba na 2022, makonni kaɗan bayan iyalan Walton masu kamfanin Walmart da abokan hulɗarsu sun sayi ƙungiyar a kan dala biliyan 4.65, sai aka ƙara masa shekaru biyar a kan dala miliyan 245, tare da lamunin cewa dala miliyan 165 daga cikin abin da zai samu sun zama tabbas.

An yi haka ne tun bai buga wa ƙungiyar wasa ko ɗaya ba.

Hujjar masu goyon bayan matakin ita ce farashin madugai kullum hawa yake yi, don haka gara a ɗaure shi tun da wuri, kuma ƙungiyar da ta ba da dukiya mai yawa haka ba ta da bakin ciniki idan ɗan wasan ya nemi ƙari. Akwai gaskiya a ciki. Amma jinkirin shekara guda da ya sa ta biya ɗan ƙari idan ya yi kyau, ya kuma tsirar da ita idan bai yi ba. Ana iya fahimtar haka tun a ranar, ba sai an jira sakamako ba.

Muhimmancin abin yana cikin dokar ƙayyade albashi. Kowace shekara gasar na tsayar da iyakar abin da ƙungiya za ta kashe wa dukkan 'yan wasanta. A 2022 dala miliyan 208.2 ne, a 2024 kuma miliyan 255.4. Ana ba ƙungiya damar rarraba manyan kuɗaɗen da ta biya ɗan wasa a kan shekarun kwantiragi, amma idan ta sallame shi kafin lokaci, duk ragowar sai ya faɗo mata a ka. Attajiri komai dukiyarsa ba zai iya sayen hanyar kauce wa wannan ba.

Alamun da aka kau da kai daga gare su

Akwai kuma abubuwan da ke bayyane game da shi kansa ɗan wasan. Ƙarfin Wilson a shekarunsa na ganiya shi ne zulliya. Yakan riƙe ƙwallo ya daɗe, ya kauce wa masu kawo masa hari da gudu, sannan ya cilla ta can nesa. Irin wannan salo ƙafa yake buƙata, ƙafa kuwa ita ce ke fara gajiya bayan shekara talatin. Manning da Brady da ƙwaƙwalwa da saurin sakin ƙwallo suka tsufa suna wasa, don haka kwatanta shi da su kuskure ne tun daga tushe.

A watan Oktoba na 2021 ya ji rauni a yatsan hannun da yake jifa da shi, aka yi masa tiyata, kuma Seattle ta kammala kakar da nasara 7 da rashin nasara 10.

Sannan akwai tambayar da duk mai saye a kasuwar dabbobi ya san ana yi: me ya sa mai shi ke son rabuwa da shi? Kocin Seattle Pete Carroll da manajanta John Schneider sun shafe shekaru goma suna kallonsa a filin atisaye, kuma sun yarda su sake shi alhali ba su da wani fitaccen magaji a hannu.

Denver ta kuma haɗa sabon madugu da sabon koci, Nathaniel Hackett, wanda bai taɓa riƙe ƙungiya a matsayin babban koci ba. Daga Green Bay ya zo, inda ya yi aiki da Aaron Rodgers, kuma mutane da dama sun ɗauka Rodgers ɗin ake zawarci. A ranar da Rodgers ya bayyana cewa zai ci gaba da zama a Green Bay ne labarin cinikin Wilson ya fito.

Yadda ta kaya

Wasan farko a Seattle aka yi shi, Denver ta sha kashi da ci 17 da 16, bayan Hackett ya zaɓi a gwada bugun ƙwallo daga yadi 64 a daƙiƙun ƙarshe maimakon ya bar ta a hannun mutumin da aka kashe wa wannan dukiya. Daga nan abubuwa ba su gyaru ba. Ƙungiyar ta kammala kakar 2022 da nasara 5 da rashin nasara 12, ita ce ta fi kowa ƙarancin maki a gasar, kuma sau 55 aka kayar da Wilson kafin ya jefa ƙwallo. An kori Hackett washegarin Kirsimeti, bayan Rams ta ci su 51 da 14.

Ba duka laifin ne ke kan Wilson ba. Raunuka sun raba ƙungiyar da Tim Patrick da Javonte Williams da Garett Bolles, dukkansu ginshiƙai a ɓangaren kai hari.

A 2023 aka kawo Sean Payton, wanda sai da Denver ta sake ba New Orleans gurbin zagayen farko kafin ta same shi. Alƙaluman Wilson sun inganta: jifa 26 da suka kai ga cin maki, 8 kawai suka faɗa hannun abokan hamayya. Amma salonsa bai dace da na Payton ba, mai son a saki ƙwallo da sauri bisa tsari. An ajiye shi a benci a wasanni biyu na ƙarshe, a daidai lokacin da ake fargabar cewa idan ya ji rauni, wasu dala miliyan 37 na albashin 2025 za su zama wajibi.

Da aka sallame shi, ƙarin shekaru biyar ɗin ko fara aiki ba su yi ba. Ya ci wasa 11 ya faɗi 19 a matsayin madugun Denver, kuma jimillar abin da ƙungiyar ta biya shi ya kai kimanin dala miliyan 124. Ya koma Pittsburgh a kan mafi ƙarancin albashi, dala miliyan 1.21, Denver na biyan ragowar.

Shi kansa Payton ya san yadda irin wannan shawara ke juya tarihi. A 2006 Miami ta ji tsoron raunin kafaɗar Drew Brees ta ɗauki Daunte Culpepper, wanda ya buga mata wasa huɗu kacal. Brees ya tafi New Orleans wajen Payton, suka ci kofi tare a Fabrairun 2010.

Ɓangaren Seattle

Awon ciniki ba ya cika sai an duba abin da ɗaya ɓangaren ya yi da rabonsa. Seattle ta miƙa ragama ga Geno Smith, wanda ya shafe shekaru yana zaman benci. A 2022 ya fi kowa a gasar yawan jifan da ke isa hannun abokin wasa, kusan kashi 70 cikin 100, ya kuma kai ƙungiyar zagayen sili-ɗaya-ƙwale.

Da guraben Denver ta ɗauko Charles Cross da Boye Mafe, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da Devon Witherspoon da Derick Hall. Rashin nasarar Denver a 2022 ce ma ta sa gurbin da aka zaɓi Witherspoon da shi ya zama na biyar a jerin 2023. A Maris na 2025 Seattle ta sake sauya madugu, ta tura Smith Las Vegas ta ɗauki Sam Darnold, kuma a Fabrairun 2026 ta doke New England da ci 29 da 13 ta ɗauki kofi, waɗannan matasa huɗu na cikin tawagar.

Ita kuwa Denver ta raba giɓin nata biyu, dala miliyan 53 a 2024 da miliyan 32 a 2025. Abin da ya ba ta damar numfasawa shi ne tsarin da aka shigo da shi a 2011, wanda ya ƙayyade albashin sababbin shiga gasar. A Afrilun 2024 ta zaɓi Bo Nix na jami'ar Oregon a gurbi na 12, matakin da masu sharhi da dama suka ce an yi gaggawa, a kan kwantiragin shekaru huɗu da bai kai dala miliyan 19 ba gaba ɗayansa.

Da shi ta ci wasa 10 a 2024, ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale a karon farko tun tafiyar Manning. A kakar 2025 ta ci 14, amma Nix ya karye a idon sawu a wasan da suka fitar da Buffalo, kuma mako guda bayan haka New England ta doke Denver da ci 10 da 7 a wasan neman gurbin Super Bowl, inda Jarrett Stidham, mutumin da ya maye gurbin Wilson a ƙarshen 2023, ya jagoranci ƙungiyar.