Naman da Ba Shi da Ubangida

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Kazaure da Daura, idan ya iso ƙasar Ɗambatta ya duba dama da hagu, ba zai ga wani abin da za a kira dawa ba, domin gona ce ke bin gona, ƙauye na hangen ƙauye, kuma ɗan abin da ya tsira daga garma bai wuce burtali da maƙabarta da filin idi ba. Amma kuwa bakin mutanen wannan ƙasa cike yake da namun daji, ana yi wa sarki kirari da giwa da zaki, ana tsorata yaro da kura, alhali kuwa galibin samarin da suka tashi da jin waɗannan sunaye ba su taɓa sa masu su a ido ba, sai fa wanda makaranta ta kai gidan zu na Audu Bako a Kano, ya gan su a bayan waya. Abin da mafarauci ke samu a yau, idan an kau da amfanin gona aka fita da karnuka da gora, shi ne zomo da kurege da gafiya da bushiya, ranar da aka taki sa'a a tono guza.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a kudanci da gabashin wannan nahiya tamu al'amarin ya bi wata hanya dabam, har akwai filayen da a da gonaki ne ko makiyayar shanu, amma yau sun koma dawa, kuma ba gwamnati ce ta mayar da su ba, masu su ne da kansu, saboda sun yi lissafi sun ga giwa mai rai ta fi sa riba. Irin waɗannan wurare su ake kira gandun namun daji masu zaman kansu, kuma baƙi kan taso daga Turai da Amurka da Asiya domin yawon kallo a cikinsu, wanda suke ce wa safari. Daga cikin mashahuransu akwai Sabi Sand a Afirka ta Kudu, inda masu filaye suka haɗa ƙasarsu wuri guda tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, sa'an nan a 1993 aka cire shingen da ya raba su da babban gandun gwamnati na Kruger, dabbobi suka riƙa kai da kawowa yadda suka ga dama.

Yadda ake yin kallon kuwa abu ne da maharbin ƙasarmu zai gane nan take. Tun da asuba ake ta da baƙi, a zuba su a mota marar rufi, direba wanda shi ne jagora yana riƙe da sitiyari, a can goshin motar kuma an kafa wata 'yar kujera inda mai bin sawu ke zama, idonsa a ƙasa. Da ya ɗaga hannu sai a tsaya, ya sauka ya tsuguna a kan rairayi, ya duba ko gefen sawun ya riga ya rufta ko yana nan da kaifinsa, ko raɓa ta sauka a cikinsa ko bayan saukarta aka taka, daga nan ya san damisar da daddare ta wuce ko yanzu, ya kasa kunne ya ji inda birai ke ihu, ya nuna wa direba hanya. Ilimin da Sarkin Baka ya gada wurin kakanninsa ke nan, sai dai a can abin da ake biya shi ne ganin dabbar da ranta, kuma gobe a sake sayar da ganinta ga wani baƙon. A wasu masaukan kuɗin kwanan mutum guda ya haura dala 1,000, daga ciki ake biyan masu gadi da gyaran shinge da likitan dabbobi.

To, ina asalin wannan? Idan aka bi diddigi za a tarar mas'ala ce ta mallaka. A 1967 hukuma a Namibiya ta ba masu manyan gonaki ikon cin moriyar wasu namun dajin da ke ƙasarsu, a 1991 kuma Afirka ta Kudu ta kafa dokar da ta tabbatar wa mai fili cewa naman da ya killace da isasshen shinge dukiyarsa ne, wanda ya taɓa shi ya yi sata. Kafin haka manomi na ɗaukar barewa a matsayin mai cinye wa shanunsa ciyawa, zaki kuma abokin gaba. Bayan haka sai ga shi yana sayen su a kasuwar gwanjo yana haƙa musu mashaya. Sakamakon ya kai ga cewa a 'yan shekarun nan fiye da rabin farar karkandar Afirka ta Kudu a hannun masu filaye take, ba a gandun gwamnati ba.

Ba zan ɓoye wa mai karatu aibin wannan tsari ba, domin adalci ya wajabta a faɗe shi. Da yawa daga cikin filayen nan an same su ne a zamanin da aka kori baƙar fata daga ƙasar kakanninsu, don haka jikan wanda aka kora ya kan tsinci kansa yana wa baƙi shara a inda kakansa ya yi kiwo, wannan kuwa ciwo ne da albashi ba ya warkarwa. Ganin haka ne ma ya sa Namibiya a 1996 ta faɗaɗa dokarta, ta ba jama'ar karkara irin wannan iko a kan ƙasarsu ta al'umma, ba masu manyan gonaki kaɗai ba. Sa'an nan arzikin ya rataya ne a kan baƙon da ke zuwa daga nesa, shi ya sa da annoba ta tsayar da jiragen sama a 2020 aka wayi gari masaukai ba kowa, masu gadi kuma ba albashi. Tsaron karkanda daga masu farautar ƙahonta shi ma yana cin kuɗin da ya fi ƙarfin mutum guda, har wani attajiri da ya tara karkanda wajen 2,000 a gonarsa ya gaza, a 2023 ƙungiyar African Parks ta saye su da niyyar mayar da su dawa sannu a hankali.

Misalin da ya fi kusa da hankalin Bakano shi ne Ol Pejeta a ƙasar Kenya, gandun da duniya ta san shi saboda a can namijin ƙarshe na farar karkandar arewa, mai suna Sudan, ya mutu a watan Maris na 2018, ya bar mata biyu kacal. A wannan wuri ba a kori shanu ba: dubban shanu na kiwo da rana a fili guda da jakin dawa da ɓauna, da dare a kulle su a garken ƙarfe saboda zaki, bayan 'yan kwanaki a matsar da garken gaba, inda aka tashi kuma taki ya fitar da ciyawa mai laushi da namun daji ke rububi. Wannan dabara kowane manomin Ɗambatta da ya taɓa roƙon Bafillatani ya zaunar masa da shanu a gona da rani ya san sirrinta.

A tamu ƙasar doka ta bi ɗaya hanyar. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta sa kiyaye su a wuyan hukuma, dokar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamna bisa amana, saboda haka manyan gandayenmu duk na gwamnati ne. Yankari ta Bauci, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, har yanzu tana riƙe da giwaye da ɓauna da gwanki a gefen kogin Gaji, ga kuma ruwan ɗumi na Wikki. Mu a Kano namu shi ne dajin Falgore, can kudu a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, wanda Turawa suka fara keɓewa da sunan gandun Kogin Kano a shekarun 1940, aka mai da shi na namun daji a shekarun 1960, kuma a 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa shi cikin gandaye goma da za ta ɗaga darajarsu. Sai dai duk mai gaskiya ya san an daɗe ana jin sunan Falgore a labarin ɓarayin shanu fiye da labarin masu yawon kallo, kuma dalilin, a ganina, shi ne maƙwabcin daji bai ga abin da zai samu idan gwanki ya rayu ba, amma ya san farashin namansa idan ya mutu. Ba kuwa don keɓe daji baƙon abu ne a wurinmu ba: fuƙaha'u sun yi bayanin hurumin da shugaba ke keɓewa domin maslahar jama'a, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin baitulmali, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi talifi a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita. Sharaɗin da malamai suka nanata shi ne kada hurumin ya ƙuntata wa talaka, wanda kuwa shi ne sharaɗin da aka fi mantawa.

Ko za a iya kafa irin Ol Pejeta a Ɗambatta? Lissafi ya hana. Faɗin wancan gandu murabba'in kilomita 360 ne, watau kusan rabin ƙaramar hukumar Ɗambatta baki ɗaya, wadda ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 200,000 a cikinta, kuma ba mai hankalin da zai ce a tashi rabin waɗannan bayin Allah domin giwa ta sami wurin kwana. Amma hikimar da ke ƙarƙashin tsarin tana nan a gonakinmu tun kafin a haifi masu dokokin Namibiya da Afirka ta Kudu, sai dai a kan itace muka yi ta. Dubi gawo a tsakiyar gona: da damina ya kaɗe ganyensa ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore shar, shanu da awaki su taru a inuwarsa suna tsintar 'ya'yansa suna zuba taki, kuma ba wanda zai sa masa gatari, saboda kowa a ƙauyen ya san gawon wane ne. Haka ɗorawa da kuka da tsamiya, har ana rabon gadonsu. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin ƙasar da ke kewaye da Kano, ya nuna cewa yawan jama'a bai ƙarar da itatuwan gona ba, manoma sun riƙe su. A Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga shekarun 1980 da manoma suka sami tabbacin cewa tohon da suka bari a gona nasu ne ba na malamin daji ba, an ƙiyasta itatuwa miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5.

Akwai ma hujjar da ta fi wannan ƙarfi, ita ce raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, waɗanda ba a cikin wani shinge suke ba, a tsakiyar gonakin gero na Zabarmawa suke yawo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci su yi wa manomi ɓarna a wake ko mangwaro. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya daga irinsu. Da hukuma ta tsananta hana harbinsu, samarin ƙauyukan suka zama masu yi wa baƙi jagora, ƙungiyoyi kuma suka haɗa kiyaye su da rijiyoyi da ƙananan rance, sai suka haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Su ma dai ba su tsira daga jarrabawa ba, domin harin da aka kai a watan Agusta na 2020, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya ɗauke ƙafar baƙi.

Abin da ya rage wa Ɗambatta na wannan fanni tsuntsu ne da ruwa. Shamuwa na sheƙa a itatuwan cikin gari ba mai jifarta, don an ɗauke ta mai bushara da damina, kuma madatsar ruwa ta Tomas, ɗaya daga cikin waɗanda Kano ta gina a shekarun 1970, tana tara balbela da zalɓe da agwagin ruwa da rani kamar sauran madatsun jihar. Baƙon da zai zo kallonsu ba sai ya fito daga Ingila ba, ɗaliban makarantun Kano da iyalan da ke neman wurin shan iska ranar hutu sun isa, ga kuma kwalejin aikin gona ta Audu Bako a kusa, wadda ɗalibanta za su iya ƙidayar tsuntsayen kowace shekara. Amma bakin ruwan nan ba kango ba ne, masunta na da haƙƙi a kansa, masu noman rani sun kafa injinansu, makiyaya na da mashaya, kuma duk wanda ya zo da shawarar keɓe wani lungu domin tsuntsaye su yi ƙwai, tambayar farko da za su yi masa a gaban dagaci ita ce wa zai riƙe kuɗin ƙofa, kuma nawa ne rabon wanda aka hana jefa taru a wurin.