Ɗan Injin da Aka Ce Ba Ya Hayaƙi

Saƙon ya fara shigowa wayata ta zauren WhatsApp na danginmu, kafin la'asar kuma na gan shi a zauren tsofaffin 'yan ajinmu. Bidiyo ne na wani ɗan inji da bai fi tafin hannu ba, yana ta juyi a kan tebur, ɗan ƙwan fitila na ci a gefensa. Muryar Hausa da aka ɗora a kai tana cewa wahalar wuta ta ƙare: wai injin zai haska gida gaba ɗaya, wai akwai irinsa da ba ya shan mai sam, wai gwamnati ta hana shigo da shi don kada masu fetur su yi asara, sannan wai saboda ƙanƙantarsa ba ya hayaƙi, kana iya ajiye shi a ɗakin kwana ka ja ƙofa. Aka rufe da "a tura wa 'yan uwa don Allah".

Bayan isha'i yayata ta kira ni daga Doma. "Ƙanena, wannan abu gaskiya ne? Ka san yaran nan da fitilar waya suke karatun jarrabawa." Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin fetur, kuɗin lita ya kusa ninka uku cikin 'yan kwanaki, gidaje da yawa suka rufe janareta da buhu suka koma duhu. Wanda ke cikin duhu, ko walƙiya ya gani sai ya sa rai. Haushina yana kan wanda ya zauna ya naɗi wannan murya, ya haɗa da sunan Allah, alhali da alama ko sukudireba bai taɓa riƙewa ba.

Injinan dai akwai su, kuma suna ba da wuta idan aka haɗa su da ɗan dainamo. Wannan gaskiya ne. Wasu an ƙera su ne don jiragen sama da motocin wasa da ake tuƙawa da rimot. Ba fetur suke sha ba, wani haɗi ne na metanol da naitrometen da mai irin na zurma, wanda ba a sayar da shi a gidan mai. Tankinsu kan ƙare cikin kamar kwata na awa, ƙararsu kuma ta hana unguwa barci. Metanol ɗin ma guba ne, ɗan kaɗan idan yaro ya kurɓa yana iya makanta shi. Wasu kuwa irin injin da wani limamin coci ɗan Sukotlan, Robert Stirling, ya ƙirƙiro ne a 1816, wanda zafin wuta daga waje ke juya shi. Na kan tebur ɗin yawanci ba ya kai wat ɗaya, ga shi ƙwan LED mafi sauƙi na ɗaki yana bukatar wat 5 ko fiye. Kamfanin Philips na Holan ya taɓa gwada babbansa wajajen 1951, janareta mai wat kusan 200 don rediyo a wuraren da babu lantarki, ya ƙera kimanin 150 ya watsar don tsada.

Maganar inji mara mai kuwa, batir ke juya moto, moto ke juya dainamo, batir ya mutu komai ya tsaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Batun hani kuma, abin da ya faru shi ne a 2015 hukumar Kwastan ta hana shigo da ƙananan janareta irin su Tiger da yawa, kuma dalilin da ta bayar shi ne hayaƙinsu.

Hayaƙin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Babu wanda zai tashi daga Doma ya yi odar injin jirgin wasa. Abin da zai zauna a zukatan mutane daga saƙon shi ne "ƙaramin inji ba ya illa a ɗaki", kuma ƙaramin injin da ke gidajenmu shi ne ɗan Tiger. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Duk injin da ke ƙona mai, komai ƙanƙantarsa, yana fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid. Baƙin hayaƙin da ake gani da warin da ake ji daban ne. Ita wannan iskar ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Saboda haka "ban ga hayaƙi ba" ba hujja ba ce. Idan ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sama da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da ke raya su, mutum kuwa yana ta numfashi kamar lafiya lau. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa janareta ɗaya na iya fitar da wannan iska daidai da ta ɗaruruwan motoci, domin motar zamani tana da abin tace hayaƙi a salansarta, janareta kuwa ba shi da shi.

Na taɓa ganin abin da idona, a wani gidan haya da na zauna a Lafia. Wani dare na damina maƙwabcina ya ja janaretansa cikin soro saboda ruwa, ya rufe ƙofar waje saboda ɓarayi. Da asuba matarsa ta fito tana dafa bango, ta ce kanta kamar zai rabe biyu. Ƙaramin ɗansu ya yi amai a kan tabarma, idonsa a lumshe, ana girgiza shi yana komawa barci. Kowa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, har an aika a sayo magani. Wata tsohuwa ce ta ce a fitar da su tsakar gida tukuna. Allah ya kiyaye, man janaretan ya ƙare tun cikin dare. Har yau idan na tuna da cewa da tankin a cike yake, jikina kan yi sanyi.

Alamomin shaƙar wannan iska ke nan: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, rikicewar tunani, duk kamar na maleriya. Abin da zai sa ka yi zargi shi ne mutanen ɗaki ɗaya su kamu a lokaci guda, su kuma ji sauƙi da zarar sun fita waje. Mai barci kuwa ba ya samun wannan gargaɗi. Shi ya sa muke jin labarin an ɓalle ƙofa da safe an tarar da iyali gaba ɗaya, sai a ce sammu ne ko guba a abinci, janareta na ajiye a lungu.

Buɗe taga kaɗan ba ya wadatarwa. Kwanon ruwa ko yankan albasa a gefen inji ba sa tsotse komai, iskar ma ba ta narkewa a ruwa sosai. Banɗaki, kicin, soro, shago mai ƙofar ƙarfe, ƙarƙashin taga, duk ɗaya ne. Garwashin gawayi da muke shigarwa ɗaki lokacin hunturu, shi ma irin wannan iskar yake fitarwa. Ƙa'idar da hukumomin lafiya ke bayarwa ita ce janareta ya zauna a fili, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon waje. A gidajenmu masu matsi wannan ba sauƙi ba ne, na sani, amma a kai shi iya nisan da tsakar gida ta bari.

Idan kuma abin ya riga ya faru, a buɗe ƙofofi, a kashe inji, a fitar da kowa waje, a nufi asibiti ko da sun ce sun warke, domin illarta kan iya bayyana a ƙwaƙwalwa bayan kwanaki. Oksijin ne maganinta. Madara da manja ba sa fitar da ita daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma wani abu na iya shaƙe shi.

Ga mai neman hasken karatu kawai, lissafin ba wuya. Ƙwan LED 3 masu wat 5 na tsawon awa 5 suna cin abin da faifan sola mai wat 50 ke tarawa a ƙasa da rabin yini na ranar Doma. A cikin ƙaramar hukumarmu ta Doma ma, tun 2021 kamfanin Husk Power ya kafa ƙananan tashoshin sola a Rukubi da Idadu da Igbabo.

Wannan na faɗa wa yayata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai janaretanmu a kicin yake kwana." Na ce, "Yaya, don girman Allah ki sa a fitar da shi yanzu, kafin ki ajiye wayar nan." Ina jin ta tana kiran babban ɗanta. Washegari suka kai awo wurin mai walda, a yi masa keji da rufin kwano da kwaɗo, a kafa shi can gindin mangwaro.