GYARAN WUTAR TSOHON ZARTON INJI

Da damina, idan guguwa ta kayar da itace ya tare hanya, zarton inji ya kan gama cikin sa'a guda aikin da gatari zai wuni a kansa. Amma sau da yawa a ranar bukata ya kan ƙi tashi, a jefa shi ɗakin ajiya, alhali kuwa laifin bai wuce na wuta ba. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san yadda wutar nan ta ke, domin kada a zubar da kayan jama'a a banza.

Asalinsa

A Jamus aka fara ƙera zarto mai aiki da fetur: kamfanin Dolmar a 1927, na Stihl kuma a 1929. Na farkon nan masu nauyi ne ƙwarai, sai mutum biyu ke riƙe su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka, kamar Stihl Contra na 1959. Irin waɗannan tsofaffi ne ake magana a kansu a nan.

Yadda wuta ke samuwa

Zarton nan ba shi da batir. Idan aka ja igiya, wani faifan ƙarfe, watau fulawil, ya kan juya, a jikinsa kuwa akwai maganaɗisu. Duk sa'ad da maganaɗisun ya gifta koyil, lantarki ya kan taso cikinta. Akwai kuma waɗansu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, makanikai na ce musu kontak. Daidai lokacin da fistin ya kusa kai ƙarshen hawansa sai su buɗe, koyil ta tura wuta mai ƙarfi zuwa fulogi, tartsatsi ya kunna fetur. Kwandansa kuwa ita ke hana bakin kontak ƙonewa. Zartunan baya sun bar kontak, sun koma ga koyil mai sarrafa kanta.

Yadda za a bi gyara

Lalle ne a fara da abu mai sauƙi tukuna.

1. A kwance fulogi, a mayar masa da wayarsa, a jingina jikinsa da ƙarfen inji, sa'an nan a ja igiya a inuwa. Tartsatsi shuɗi alamar lafiya ce. Idan ja ne mai rauni, ko babu shi sam, akwai gyara.

2. A goge baƙin da ya taru a bakin fulogi, a daidaita ratarsa wajen rabin milimita. In bai yi ba, a gwada sabo.

3. A cire wayar makashin inji daga koyil, a sake gwadawa. Idan wuta ta zo, to, wayar nan ce ta goge tana taɓa ƙarfe.

4. A cire fulawil da abin jansa, kada a doke shi da guduma. A ƙarƙashinsa kontak ya ke. A goge bakinsa da lallausan magagari, a ratsa farar takarda mai tsabta a tsakani don ta kwashe maiƙo, a daidaita buɗewarsa wajen milimita 0.4. Idan bakin ya yi ramuka, kwandansa ce ta gaji, sai a sake su tare.

5. A duba ɗan ƙarfen nan mai kama da rabin wata da ke riƙe fulawil a mazauninsa. In ya karye, wuta za ta zo, amma ba a kan lokaci ba.

6. Ratar koyil da fulawil kada ta wuce kaurin kati, watau wajen milimita 0.3.

Koyil ce ta fi tsada, don haka ita ce ta ƙarshe da za a tuhuma.

Gargaɗi

Kada a gwada wuta kusa da fetur, ko daidai ramin fulogi, gama tururin fetur na kamawa nan da nan. Kada kuma a ja igiya alhali wayar fulogi na reto ba ta taɓa kome, domin wannan na iya kashe koyil.

Abin da ake bukata ga malamai

Malami ya buɗe shafi ga kowane zarto, ya rubuta sunansa da lambarsa, da ranar gyara, da abin da aka sake. Da wannan lamba ake neman kayan gyara. A ajiye zarto inda laima ba ta kai, a kuma gwada shi tun bazara, kafin ruwa ya sauka.