Darasi na Goma Sha Biyu: Ciwon Mara Lokacin Al'ada

A makarantun Jos, kamar na ko'ina, akan sami ɗalibar da take rasa darasi kwana biyu ko uku kowane wata saboda ciwon mara. Sau da yawa akan ce mata ta yi haƙuri, haka mata suke. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lokacin al'ada, mahaifa takan matse domin ta fitar da shimfiɗar da ke cikinta. Wannan matsewar ce take jawo ciwo, wanda yakan lafa bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ɗora gorar ruwan ɗumi a kan mara yana taimakawa, haka ma motsa jiki. Maganin ibufurofen yana rage zafin, sai dai a sha shi bayan cin abinci. Mai gyambon ciki kuwa ta fara tambayar likita.

Akwai ciwon da ya wuce wannan. Wani lokaci tsoka mai kama da shimfiɗar mahaifa takan tsiro a wajen mahaifa, misali a kan ma'ajiyar ƙwai ko hanji. Duk wata sai ta kumbura ta yi jini, jinin kuma ba shi da hanyar fita. Likitoci suna kiran cutar endometiriyosis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun mata miliyan 190, wato kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suke shekarun haihuwa. Alamunta sun haɗa da ciwon da yake hana aiki, zubar jini mai yawa, da jin zafi wajen fitsari ko bayan gida lokacin al'ada. Takan jawo wa wasu jinkirin haihuwa.

Wadda ta ga waɗannan alamu ta rubuta ranakun ciwon, ta sanar da mahaifiyarta, su je wurin likitan mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin Jankwano. Likita zai yi tambayoyi, ya ɗauki hoton ciki, wani lokaci kuma ya leƙa cikin da 'yar kyamara ta ƙaramin tsagi.

Har yanzu ba a sami maganin da yake kawar da cutar gaba ɗaya ba, amma ana shawo kanta. Akwai magungunan rage zafi, da ƙwayoyi ko allurar da suke rage al'ada ko tsayar da ita, akwai kuma tiyatar cire tsokar. Zaɓin ya danganta da tsananin ciwon da kuma burin haihuwa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ma'anar Kalmomi
mara: ƙasan cibiya
lafa: ragu
tsagi: ɗan yanka
shawo kai: rage ƙarfin abu

Tambayoyi
1. Me yake jawo ciwon mara lokacin al'ada?
2. Kawo alamu uku na endometiriyosis.
3. Bayyana ma'anar karin magana biyu da ke cikin darasin.